Yadda ake sa wa sashe ɗaya launi a tsohon hoto baƙi da fari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohon hoton kakata, Allah ya jiƙanta, wanda aka ɗauke ta tana amarya. Baƙi da fari ne. So nake in sa wa murjanin wuyanta da ɗankwalinta kala, sauran hoton ya zauna yadda yake. Na gwada da Photoshop a kwamfutar yayana. Da farko duk kalar da na zaɓa toka-toka take fitowa. Da ya taɓa wani abu kalar ta fara fita, sai kuma ta rufe murjanin ruf kamar an shafa fenti. A waya ma na sauke wata manhaja da aka ce tana wannan aikin, na goga na goga ba abin da ya fito. A ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Kaka, ya kai haske kabarinta.

Abubuwa ukun nan da kika lissafa duk na san su, kuma babu wanda rashin iyawarki ya jawo. Bari in fara da na wayar, don shi ya fi rikita mutane.

Ayyuka biyu ne ake kira da suna ɗaya. A na farko, hoton dama mai kala ne, da waya ko kyamarar zamani aka ɗauke shi, sai a kashe kalarsa duka a bar wuri guda, kamar jan lallen amarya ko furen da ke hannunta. Wannan ba sa launi ba ne, ɓoye launi ne. Kalar tana nan a ƙasa an lulluɓe ta da toka, duk inda aka goge tokar sai ta leƙo. Yawancin manhajojin waya da ake talla da sunan wannan aiki iyakar abin da suke yi ke nan. Na biyu shi ne naki, hoton da tun ranar da aka wanke shi ba shi da kala. Ko kwana kika yi kina gogawa ba abin da zai leƙo, domin babu komai a ƙasan. Ke za ki kawo launin da hannunki, kuma ke za ki ɗauki alhakin cewa shi ne launin da Kaka ta sa ranar.

Wannan magana ta alhaki zan ɗan tsaya a kanta kafin mu taɓa kwamfuta, don a nan ne aiki yake lalacewa ko da hannun mutum ya ƙware.

A hoto baƙi da fari na kwamfuta, kowane ɗigo yana ɗauke da lamba ɗaya ce tak, daga 0 wato baƙi ƙirin zuwa 255 wato fari fat. Matakai 256 ke nan. Hoto mai kala kuwa lamba uku yake riƙewa a kowane ɗigo, ta ja da ta kore da ta shuɗi, abin da ke ba da launi sama da miliyan 16. In kika raba, za ki ga kowace toka ɗaya dubban launuka ne za su iya haifar da ita. Saboda haka ba yadda za a kalli toka a ce lallai wannan ja ce. Ɗauki misalin kayan dogarai, ja da kore ɗinke gefe da gefe. A ido bambancinsu kamar dare da rana ne. Amma a lissafin da aka saba mayar da kala toka da shi, kore yana ɗaukar kusan kashi 59 cikin ɗari na hasken, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. Da wannan lissafi, ja zur da kore mai matsakaicin duhu suna iya faɗawa kan toka iri ɗaya, rigar dogari ta fito kamar yadi guda aka yanka. Ga kuma batun fim ɗin da aka yi amfani da shi. Akwai tsohon nau'in fim da ba ya jin hasken ja, wanda a cikinsa jan abu baƙi-baƙi yake fitowa, shuɗi kuma ya yi fari-fari. In da irinsa aka ɗauki Kaka, ɗankwalin da kike gani mai duhu yana iya zama ja ne, wanda kike gani da haske kuma yana iya zama ruwan bula.

Murjani bai da matsala, an san launinsa, ja ne mai ɗan karkata zuwa ruwan goro. Ɗankwalin ne abin tambaya. Ki kai hoton wurin tsofaffin gidanku, ƙannen Kaka ko ƙawayenta in da sauran masu rai, ko babbar 'yarta da ta taɓa buɗe akwatinta. Mata ba sa manta kayan aurensu, ba sa manta na ƙawayensu ma. Wani lokaci za ki tarar zanen yana nan a ƙasan adaka an naɗe shi da turare, to in haka ta faru sai ki ɗauki hotonsa a inuwa ki tsamo launin kai tsaye daga jikinsa. Ni na sha kunya a kan wannan sau ɗaya, kuma ta ishe ni. Wani bawan Allah ya kawo mini hoton mahaifinsa da wata hula mai duhu marar ado, na dube ta na yanke cewa dara ce, na zuba mata ja, aiki ya yi kyau har ina yaba kaina. Da ya kai gida mahaifiyarsa ta ƙi yarda a rataye hoton, ta ce mijinta bai taɓa sa jar hula ba a rayuwarsa, hular koriya ce kuma ta san inda ya samo ta. Tun daga ranar ba na sa launi a kayan mamaci sai na ji daga bakin wanda ya gan shi da su.

To, mu dawo kan aikin hannu. Ban san yadda hoton ya shiga kwamfutarku ba, amma in da waya aka ɗauke shi a tsaye cikin gaggawa, ki sake. Sikana, wato na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, ta fi, a sa ta a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci. Ƙaramin hoto mai inci 3.5 da inci 5 a wannan ma'auni zai ba ki ɗigo 2100 da 3000, wanda ya isa a wanke shi ninki biyu na girmansa ba tare da ya dusashe ba. Kuma ki ce a yi sikan ɗin da kala duk da cewa hoton baƙi da fari ne. Mutane suna mamakin wannan. Dalili shi ne tsohon hoto ba ya zama baƙi da fari zalla, yakan yi rawaya-rawaya, ga tabon ruwa, ga na man shafawa. In aka ɗauko shi da kala, waɗannan tabo suna da launinsu daban da na hoton, ana iya kama su ta launin a rage su. In aka ɗauko shi a toka, tabo da fuskar Kaka sun zama abu ɗaya, sai dai a bi su ɗigo-ɗigo. A adana shi a TIFF ko PNG. In babu sikana, ki shimfiɗa hoton kusa da ƙofa inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukansa, ki kashe filashi, ki riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Wanda ya manne da gilashin firem kada ki ce za ki ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. Ki ɗauke shi yadda yake.

Matsalarki ta farko, wadda kowace kala ke fitowa toka, mai sauƙi ce. Fayil ɗin yana cikin yanayin da ake kira Grayscale, wanda lamba ɗaya kawai yake iya riƙewa a kowane ɗigo, ko kin zaɓi ja sai ya mayar miki da shi tokar da ta yi daidai da shi. Abin da yayanki ya taɓa shi ne Image, sai Mode, sai RGB Color. Hoton ba zai canza a ido ba, amma yanzu ya sami wurin ajiye launi.

Ta biyu ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Kin shafa ja kai tsaye a kan hoton, shi kuwa buroshi abin da ya sani shi ne ya maye gurbin duk ɗigon da ya taɓa. Sai ya share hasken da ke kan kowace ƙwayar murjani, ya share inuwar da ke tsakaninsu, ya bar miki jan faci. Abin da ke sa ido ya gane cewa wannan ƙwaya ce mai zagaye ba launinta ba ne, haske da inuwar da ke kanta ne. Su ne hoton. Launi baƙo ne, dole ya shigo ya zauna ba tare da ya tashi masu gida ba. Ki tuna yadda rini yake a karofi: yadi ya shiga baba ya fito shuɗi, amma saƙarsa tana nan, kowane zare ana ganinsa. Fenti kuwa in an shafa wa yadi, saƙar ta tafi. Rini muke so.

Ga yadda ake samun rinin. Tun daga Photoshop na 3 da ya fito a 1994 manhajar take da abin da ake kira leya. Ki ɗauke ta kamar farar leda gani-har-hanji da aka shimfiɗa a kan hoton, kina zane a kan ledar, hoton na ƙasa ba abin da ya same shi. A saman jerin leyoyin akwai ɗan akwati da aka rubuta Normal a ciki. In kika buɗe shi kika gangara can ƙasa za ki ga Color. Da zarar kin zaɓe shi, manhajar za ta ɗauki launi daga leyar sama, ta ɗauki haske da duhu daga hoton ƙasa, ta haɗa su. Jan facin nan nan take zai koma murjani mai ƙwaya-ƙwaya. In wannan kaɗai kika riƙe daga amsata, kin riga kin fita daga matsalar da kika kawo.

Amma ni ba haka nake aiki ba, kuma ba na so ki saba da shafa launi da buroshi a kan leya, saboda ranar da wata goggo ta ce ai ɗankwalin ba shuɗi ba ne ruwan makuba ne, sai kin sake komai daga farko. Hanyar da ta fi ita ce wannan. Da farko ki danna ɗan da'irar nan rabi baƙi rabi fari da ke ƙasan jerin leyoyi, ki zaɓi Black & White, don a kashe rawayar tsufa hoton ya dawo toka tsantsa. A nan ne in kika ja ma'aunin rawaya zuwa dama za ki ga tabo masu rawaya suna dusashewa. Sannan ki koma da'irar ki zaɓi Solid Color, ki ɗauki jan murjaninki. Ni nakan fara da ja 190, kore 60, shuɗi 45, in gyara daga baya. Hoton duka zai rufe da ja, kada ki firgita. Ki mayar da leyar zuwa Color. Yanzu Kaka da bango da komai sun rine ja. A gefen leyar za ki ga wani farin akwati, shi ne Layer Mask, ni ina ce masa mayafi. Dokarsa ɗaya ce: inda yake fari launi ya bayyana, inda yake baƙi launi ya ɓuya. Ki danna shi, ki danna Ctrl da I tare, ya koma baƙi, ja ya ɓace duka. Sai ki ɗauki buroshi da maɓallin B, ki sa farin launi, ki bi murjanin a kan mayafin. Duk inda kika bi, ja ya fito. In hannu ya zarce kan fata, danna X launin buroshi ya koma baƙi, ki goge wurin, ki sake danna X ki ci gaba. Ba abin da ake asararsa har abada. Ranar da za a canza launi kuwa, dannawa biyu ce a kan akwatin launin, ki zaɓi wani, shi ke nan. Ɗankwali ki buɗe masa tasa leyar da nasa mayafin, kada ki haɗa su.

Ki ƙara girman hoton a allo har ƙwayoyin murjanin su yi kamar ƙwallon goro kafin ki fara bi. Maɓallan baka biyu, [ da ], da ke kusa da harafin P su ne ke ƙara wa buroshi girma da rage shi, hannun hagunki ya zauna a kansu. In kina so ki ga inda kika tsallake, ki riƙe Alt ki danna mayafin, zai bayyana shi kaɗai baƙi da fari, duk ramukan da kika bari za su fito fili. Akwai kayan zaɓe masu aiki da kansu, irin su Quick Selection da Object Selection, suna taimakawa a ɗankwali tunda babba ne kuma gefensa a fili yake. A murjani kam ɓata lokaci suke, hannu ya fi su. Kuma ki riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, kin dai san halin wuta.

Daga nan sai abubuwan da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo, don mutum yana iya bin duk matakan nan aikinsa ya fito kamar an liƙa takarda.

Gefen launi shi ne na farko. Tsohon hoto ba shi da kaifi, gefen komai a cikinsa da ɗan laushi. In gefen launinki ya fi gefen abin da ke hoton kaifi, ido zai kama ƙaryar nan take. Ki rage taurin buroshi zuwa wajen rabi, in kin gama kuma ki shiga Properties na mayafin ki ƙara Feather, mai tausasa gefe, kamar ɗigo ɗaya. Kuma gara launin ya tsaya ɗan ciki kaɗan da ya tsallaka waje. Ƙwayar da bakinta ya rage toka ba mai lura, amma jan da ya zuba kan wuya kowa zai gani.

Sai ƙarfin launin. Launi ɗaya a tsakiyar toka ihu yake yi fiye da yadda zai yi a cikin 'yan'uwansa, tunda ba mai gasa da shi. Jan da ya yi daidai a akwatin zaɓe, a kan hoton sai ya zama kamar fitilar mota. Ki rage Opacity na leyar, wato ma'aunin ƙarfin bayyanarta. Ni nakan tsaya tsakanin 40 da 60, amma ba doka ba ce, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Dabarar da nake yi ita ce in tashi in bar kwamfutar na ɗan lokaci, in dawo in kalla daga bakin ƙofa. In launin ne ya fara kama ni kafin fuskar mai hoton, to ya yi yawa.

Na uku ya fi wuya, kuma shi zai sa ɗankwalin ya zama yadi. Babu abu a duniya da launinsa ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Jan yadi inda haske ya doke shi yakan karkata zuwa ruwan goro, a cikin lanƙwasa kuma ya yi duhu ya nufi ruwan makuba, ƙarfinsa ya ragu. Leyar Solid Color launi ɗaya take bayarwa. Don haka a babban wuri irin ɗankwali nakan yi amfani da Gradient Map a maimakonta, wadda ke ba ki dama ki ce wurare masu duhu su ɗauki wannan launi, matsakaita wannan, masu haske wancan. Uku sun isa. Ita ma ki sa ta a Color, ki bi ta da mayafi kamar waccan. In ɗankwalin atamfa ce mai zane, to sai haƙuri, kowane launi na zanen da tasa leyar, kuma a nan ne za ki gode wa Allah in an samo zanen na ainihi.

Akwai kuma wurin da Color ba ya aiki sam, gara ki sani tun yanzu kada ki ɗauka kwamfutar ce ta lalace. A kan fari fat ko baƙi ƙirin ba ya nuna komai, domin yana kiyaye hasken ƙasa ne, fari fat kuwa ba shi da wurin da launi zai zauna. In ɗankwalin ya fito fari sosai a hoton alhali an ce miki shuɗi ne, sai ki fara rage masa haske da leyar Curves mai irin wannan mayafin, ko ki gwada Multiply a maimakon Color. In kuma ya yi duhu ƙwarai, kamar yadin da aka rina aka buga har yana ƙyalli irin rawanin ɗan Kura, sai ki ɗaga haskensa kaɗan. Irin wannan yadi ma a zahiri baƙi-baƙi yake, shuɗinsa a wurin ƙyallin kawai yake fitowa, to haka za ki bar shi. Ɗan farin ɗigon da ke kan kowace ƙwayar murjani shi ma kada ki yi ƙoƙarin rina shi. Hasken fitilar mai hoto ne, fari yake a ranar, shi ke sa ƙwayar sheƙi.

Yanzu ra'ayina, kina iya ɗauka ko ki bari. Kin ce murjani da ɗankwali. Ni da murjanin kaɗai zan fara in tsaya in duba. Amfanin wannan salo shi ne ya ja ido zuwa wuri ɗaya. Wanda ya kalli fim ɗin Schindler's List na 1993, wanda kusan dukkansa baƙi da fari ne, ba ya manta yarinyar nan mai jar riga, kuma dalilin shi ne ita kaɗai ce mai launi a cikin taron. Da an rina mutum biyar a wurin, da ba a tuna ko ɗaya ba. A hotonki murjani yana ƙasan fuska, ido zai sauka kansa ya hau zuwa idanun Kaka. In aka ƙara ɗankwali, fuskar ta shiga tsakanin launi biyu ita kuma tana toka, wani lokaci hakan yana yi mata firem mai kyau, wani lokaci kuma yana sa fatar ta yi kamar ba jini. Tunda kowanne da leyarsa, ki kashe idon da ke gefen leyar ɗankwali ki kalla, ki kunna ki kalla, ki kira Mama ita ma ta kalla. Abin da ba na so ki yi shi ne sa wa leɓe ko ido kala a bar sauran fuska toka. Ban taɓa ganin inda ya yi kyau ba.

Kada ma ki ɗauka wannan sabon yayi ne na zamanin kwamfuta. Ba a daɗe da ƙirƙiro hoto a 1839 ba masu sana'ar suka fara bin sa da buroshi da garin launi. A shekarun 1860 Felice Beato yana birnin Yokohama na Japan yana sayar da hotunan da masu zanen ƙasar suka rina da hannu. A nan Najeriya ma, Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin wanda ya buɗe situdiyonsa a 1942, ya bar hotuna da ya sa wa launi da hannu. Launin da suke amfani da shi mai ruwa-ruwa ne da ake ganin hoton ta cikinsa, wato dai abin da Color ke yi mana yau, sai dai su in hannu ya zarce babu maɓallin X.

In kwamfutar yayanki ba kullum take samuwa ba, akwai GIMP, kyauta ce. Matakan ɗaya ne: Image, Mode, RGB, sai sabuwar leya da aka cika da launi, a sa ta a LCh Color, a ƙara mata baƙin mayafi. Photopea kuma a burauza take buɗewa ba sai an sauke komai ba, kuma kusan kamar Photoshop take a tsari. A waya abin da za ki nema shi ne manhajar zane mai leya da zaɓin Color, irin ibisPaint X, amma bin ƙwayar murjani da yatsa aiki ne mai cin rai, ki nemi ɗan alƙalamin taɓa allo.

Ga mai hoto mai kala da ke son wancan aikin na farko, nasa gajere ne. A Photoshop leyar Black & White a sama, a bi abin da ake so da baƙin buroshi a kan mayafinta. A manhajar waya ta Snapseed a sa Black & White, a shiga View edits, a zaɓi alamar buroshi, a juya mayafin ya rufe hoton duka, a sa ƙarfin a 0 a goge wurin da ake so kala ta dawo.

Za a ce miki me ya sa za ki wahala alhali akwai manhajojin da ke rina hoto da kansu. Akwai su, Photoshop ma tun 2020 yana da Colorize a cikin Neural Filters. Amma ki tuna lissafin da muka yi a sama, launin ba ya cikin hoton, su ma cinta suke yi daga abin da suka saba gani. Sama da ganye suna yawan dacewa, kayan sawa kuwa sai abin da ya zo musu, ba su san atamfar Kaka ba. Wanda ya fi damuna shi ne masu cewa za su ƙara wa fuska kyau da kaifi. Waɗannan ba gyara suke ba, sabuwar fuska suke zanawa, ido da haƙori da duk tsagar gado in akwai sukan canza ko su ɓace. Ki nisanta hoton Kaka da su.

In kin gama, ki adana fayil biyu bayan sikan na asali da ba a taɓa ba. Ɗaya PSD, wato fayil ɗin Photoshop, mai dukkan leyoyi don gyaran gaba, ɗaya JPEG a mafi ingancin ma'auni, a tsarin launi na sRGB. Wajen tura wa dangi ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Matsewar da ake yi wa JPEG takan rage bayanin launi fiye da na haske, sau da yawa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba inda hakan ke nunawa kamar jan abu ƙarami a kan toka. Sai ki ga jan da kika sha wahalar tsarewa ya yi ɗan yaɗuwa kan wuya. Ki kuma rubuta a sunan fayil ɗin da bayan hoton cewa ke kika ƙara launin da shekarar da kika yi, da sunan wadda ta gaya miki kalar ɗankwalin, don jikokin da za su gaje shi su san wanne ne na mai hoto wanne ne naki.

Wajen wankewa kada ki fara da babba. Ki ce a fitar miki da ƙarami ɗaya tukuna, kuma ki roƙi mai injin ya kashe gyaran launi na kai-tsaye. Injin in ya ga hoto duk toka da ja a wuri ɗaya, yakan ɗauka ja ya yi yawa ya nemi daidaitawa, sai tokar ta fito da ɗan kore-kore. Ki fita da ƙaramin waje ki duba shi a hasken rana kusa da farar takarda. In tokar ta tsaya toka, murjanin kuma bai yi duhu ba, sai ki ba da na firem.